Neman shawara: darasin haƙƙin ɗan Adam a sakandaren ƙauye

Ɗalibi daga Damagaram: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗan Nijar ne, ina karatun shari'a, na zo sanin makamar aiki a wata sakandaren je-ka-ka-dawo tsakanin Gumel da Maigatari. An ba ni 'yan aji biyar in koya musu haƙƙin ɗan Adam. Na fara da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948 mai sassa 30. Sun kwafa tsaf, amma ajin ya yi tsit, sai wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malam, wannan ba na Turawa ba ne?" Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bayan an tashi wata yarinya ta tsaya bakin taga tana murɗa gefen hijabinta, ta ce babanta zai cire ta bayan girbi. Ni baƙo ne. Yaya zan yi da ajin, yaya kuma zan yi da ita?

Tsohon hedimasta, Ringim: Wa'alaikumus salam. Ɗana, tambayar yaron nan alheri ce gare ka, don wanda ya tambaya yana tare da kai. Ka fara musu da abin da suka tashi da shi. A huɗubar bankwana a Arfa, Manzon Allah (SAW) ya haramta jinin mutane da dukiyarsu da mutuncinsu. Malamai sun ce shari'a ta zo ne don kare addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Ka tambaye su haƙƙin maƙwabci, da na maraya, da na ɗan ƙodago da ya yini yana noma a gonar wani aka ce ya dawo gobe. Za ka ji ajin ya kaure da magana. Sannan ka kawo yarjejeniyar Afirka ta 1981, wadda ta haɗa haƙƙi da nauyi, har da girmama iyaye. Inda takardun suka saɓa da abin da muka yi imani da shi, ka faɗa musu a fili, kada ka ɓoye.

Lauya, Dutse: Ƙanena, ƙari kan maganar Baba: ka nemi babi na 4 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam, ka karanta shi da kyau. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne. Wannan zai amfane su ranar kasuwar Maigatari. Batun yarinyar kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta tilasta karatu ne zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, ita kuma ta wuce nan. Lallashi zai fi maka aiki.

Malama, Babura: Don Allah kada ka taka gidansu kai kaɗai. Saurayi, baƙo, yana zancen 'yar mutane, kafin magariba an juya maganar, ita ce kuma za ta kwana a ciki. Ka sanar da shugaban makaranta, a haɗa ta da malama mace. A fara gano dalili tukuna. Sau da yawa ba aure ba ne, kuɗin jarrabawa ne, ko nisan hanya, ko babu mai taya uwa aiki. In an san dalilin, liman ko mai unguwa su suka san ta inda za su ɓullo wa uban.

Ɗalibi daga Damagaram: Allah ya saka da alheri. Malama, babu malama mace ko ɗaya a makarantar.

Malama, Babura: To a nemi mace daga kwamitin iyaye da malamai, ko unguwarzoma ta asibitin garin. Ka je wurin shugaban makarantar gobe da safe, tun gero bai shiga rumbu ba.