Boxer na wahalar tashi da safe, yana shan mai: sai an sauke inji?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Masana inji ku taimaka. Mashin ne, Boxer BM100, ina acaɓa da shi a lungunan Agege zuwa Iyana Ipaja tunda dokar 2022 ta hana mu shiga Ikeja. Tun da damina ta kankama ya canja hali. Da safe sai na yi ta kiki har ƙafa ta gaji kafin ya kama, in ya kama kuma ba ya tsayawa a silo, da na saki totur sai ya mutu. In na murɗa totur da sauri sai ya shaƙe tukuna sannan ya ja. Mai kuwa sha yake ba kama hannun yaro. Na cire fulogi na gan shi baƙi ƙirin. Kwanan baya na ratsa ruwan da ya kusa taɓa salansa, amma bai mutu a ciki ba. Wani makanike ya ce a sauke inji a canja fistin da ringi. Kafin in zuba kuɗi, haka ne kuwa?

Mai Sifana, Mile 12:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Duk abin da ka lissafa, babu wanda ya nuna ringi kai tsaye.

Fara da fulogin da ka ce ya yi baƙi, ka shafa yatsa a kansa. In baƙin busasshe ne, irin na ƙunar fitila, to fetur ne ya fi iska yawa, matsalar tana wajen filta ko kabureta. In kuwa jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa sama, a nan ne ake zancen ringi. Haka hayaƙi: baƙi na fetur ne, mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin ƙonannen mai shi ne na ringi ko robar bawul.

Buɗe akwatin filta. In soso ne, ka wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu, kada ka murɗa shi don yagewa zai yi. Bar shi ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ka sake matsewa har ya ratsa ko'ina ba tare da yana ɗiga ba. In na takarda ne kuma ya sha ruwa, ba shi da gyara, sai sabo. Jiƙaƙƙen filta shi kaɗai ya isa ya kawo shaƙewar da kake ji da shan man, domin injin na zuƙa, iska ba ta wucewa, sai ya riƙa jawo fetur a madadinta.

Daga nan sai kofin kabureta. Akwai ɗan sukuru a ƙasansa na zubar da mai. Rufe famfon mai, ka tara farar roba mai tsabta, ka kwance shi. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi ya kwanta a ƙasa dunƙule-dunƙule. In ka gani, to na cikin tanki ma sai an juye, musamman in kana yawan tafiya a rizab, don rizab daga gindin tanki yake ɗiba, inda ruwa da tsatsa suke taruwa. Ka duba robar murfin tankin, yawanci ta nan ruwan sama yake shiga in mashin ya kwana a waje.

Cire kaburetar gaba ɗaya. Jet biyu ne a ciki, wato 'yan ƙarafa masu rami da fetur ke bi, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne mai riƙe silo, raminsa ɗan mitsitsi ne, ƙwayar datti ɗaya ta toshe shi. A hura shi da iskar mai faci ko a fesa masa maganin wanke kabureta. Ban da allura, ban da waya. Masu sokawa da waya su ne ke faɗaɗa ramin, daga ranar mashin ya fara shan mai kuma babu saitin da zai dawo da shi. Ka kuma duba allurar da ke rufe mai idan kofi ya cika. In bakinta ya ci, mai zai riƙa ambaliya, za ka ga ɗigonsa a ƙarƙashin mashin da safe.

Saitin kuwa sai inji ya yi zafi, ka ba shi kamar minti goma. Ɗaure sukurun iska a hankali har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, sannan ka kwance shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan ka riƙa juyawa kwata-kwata kana saurare har ka sami inda ƙarar injin ta fi ɗagawa kuma ta daidaita. Sai ka koma kan sukurun silo ka sauke shi zuwa wajen juyin inji 1,400 a minti, wato ba ya ihu, ba ya kuma neman mutuwa.

Abu na ƙarshe, zaro ma'aunin baƙin mai ka duba. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Juye shi nan take, ka zuba 20W50, ka yi 'yar tafiya ka sake juyewa. Abin da yake ci bai cika lita ɗaya ba, ka bi alamar ma'auni.

Baban Gareji, Idi-Araba:

Oga Mai Sifana ya faɗi gaskiya, amma ni wahalar tashin nan ba na ɗora ta duka a kan kabureta. Yaushe rabon da a auna maka bawul? Yaran gareji da yawa in suka ji ƙas-ƙas a kan inji sai su ɗaure tafet, wato sukurun saita tazarar bawul, har ƙarar ta ɗauke, mai mashin ya tafi yana murna. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, ƙarfin matsi na zurarewa, mashin ya ƙi tashi, silo ya ƙi zama, in aka daɗe a haka bakin bawul ɗin salansa ya ƙone. 'Yar ƙarar nan ba cuta ba ce.

Ana aunawa ne inji na da sanyi, gara wanda ya kwana. A buɗe murfin tafet, a juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi. A taɓa tafet ɗin biyu, in duka suna ɗan motsi to an zo daidai, in ba sa motsi a ƙara zagaye ɗaya. Sai a zura ma'aunin tazara. A irin waɗannan ƙananan injina wajen 0.05 na milimita ake sawa, ya shiga yana ɗan ja. A riƙe sukurun yayin ɗaure notin, a sake aunawa bayan an ɗaure, domin ɗaurin kan motsa shi. Wanda ya ce zai yi maka da kunne ba ma'auni, ɗauki mashin ɗinka ka ƙara gaba.

In ana so a san lafiyar ringi ba sai an sauke komai ba. A sa agogon auna matsi a ramin fulogi, a buɗe totur duka, a yi kiki sau biyar ko shida, a riƙe lambar. Sai a zuba baƙin mai ƙaramin cokali ɗaya a ramin a sake. In lambar ta ɗaga sosai, ringi ne ko bulo ya ci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Wannan gwajin shi ya kamata makaniken ya yi kafin ya ambaci fistin.

Na Wuta, Ikorodu:

Ku ƙara da ɓangaren wuta. Hular fulogi in ta tsage, danshi kawai ya ishe ta ta riƙa zubar da wuta a jikin inji. Cire fulogin, ka mayar da shi cikin hular, ka jingina shi da ƙarfen inji ka yi kiki. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙara, ja ko ruwan ɗorawa mai rauni alamar kwayil ce ko waya. Tazarar bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7 na milimita. Iskar Legas da gishirinta na cin mahaɗar wayoyi, don haka a kwance wayar da ke ɗaure a jikin firam a goge tsatsar da samfefa.

Sannan gargaɗi ga kowa: in mashin ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a yi masa kiki. Ruwa ba ya matsuwa, in ya cika silinda aka tilasta shi, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A tura shi waje, a cire fulogi, a yi ta kiki har ruwan ya gama fita ta ramin.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri. Soson ya jiƙe sharkaf, an kuma sami ruwa a kofi. Bawul ɗin salansa ma'auni ko shiga bai yi ba. An gyara duka, yanzu kiki ɗaya ne. Baƙin mai lafiya lau. Saura tambaya ɗaya: wasu abokan aiki na cewa in sa jet mai ƙaramin rami, in sauke allurar totur, wai mai zai riƙa daɗewa. Da tsadar man nan tun 2023, abin ya shiga raina.

Mai Sifana, Mile 12:

Madalla. Amma batun rage jet, a'a Malam. Injin Boxer iska ce ke sanyaya shi, kuma fetur ɗin da ke shiga yana taimakawa wajen rage zafin cikin silinda. In ka ƙuntata masa mai, ga cunkoson Legas inda iska ba ta bugunsa, ga fasinja da kaya, zafi zai yi yawa. Za ka fara jin yana harbi a salansa in ka saki totur, ƙarfi ya ragu a hawa, fulogi ya yi fari fat. Ƙarshenta bawul ya ƙone ko kan fistin ya narke, ka biya kuɗin sauke injin da ka tsallake yanzu. Bar jet ɗin da ya zo da shi, maƙalar allura kuma ta zauna a tsagar da kamfani ya sa ta. Bayan aikin yini ka cire fulogi, in bakinsa ruwan ƙasa ne to saitinka daidai yake.

Inda mai ke zurarewa ba a sani ba shi ne taya da sarƙa da burki. Iskar taya wajen psi 25 a gaba, 32 a baya in kana ɗaukar fasinja, a auna da agogo ba da bugun ƙafa ba. Sarƙa ta riƙa wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a shafa mata mai duk bayan ta sha ruwa. Ɗora mashin a kan babban jak ka juya tayar baya da hannu, in ta tsaya da wuri burki na kamawa, a sassauta notin. Ka kuma tabbatar cok, wato abin da ake ja don tada inji mai sanyi, na komawa wurinsa bayan inji ya kama, wayarsa kan ci tsatsa da damina ta maƙale a rabi.

Baban Gareji, Idi-Araba:

Tunda bawul ɗin ya yi aiki a matse, a sake auna shi bayan kamar kilomita 500. In tazarar ta sake rufewa, mazauninsa ya fara ci, sai a cire kan silinda kaɗai a wasa bawul ɗin a sa sabon gasket da sabuwar roba. Bulo da fistin ba ruwansu.