Yadda za a rage tsayuwa a layin shige da fice

A wata majalisa a Samaru, hirar ta fi karkata kan masu zuwa Umara. Yawanci sun ce a nemi kujerar gaba a jirgi, don wanda ya riga sauka shi ke riga isa gaban jami'ai. Ban-ɗaki kuma a shiga tun ana sama. Fasfo, biza, katin rigakafi da adireshin masauki su kasance a hannu, a takarda, saboda waya takan mutu. Wasu sun fi son sauka a Madina maimakon Jidda, musamman a goman ƙarshe na azumi. A ganina wannan ya fi dacewa da dattawa, a kuma nema musu keken guragu tun wajen yankan tikiti.