Kwanan yara ya ƙaru a wurina, kuɗin ciyarwa kuma yana nan yadda yake

Baban Biyu: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Illinois, Amurka. Shekara uku ke nan da rabuwarmu da uwar 'ya'yana. Lokacin da alƙali ya yanka mini dala 900 a wata, yaran ba sa zuwa wurina sai ƙarshen mako, shi ma bi-da-tsallake. Tun bara da ta koma aikin dare, kwana uku a mako suna hannuna, ni ne girki, ni ne kai su makaranta. Da bakinta ta ce in riƙa turo 600, ba komai. In rage kawai?

Hajiya Uwargida: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura. Maganar baki ba ta ture hukuncin kotu. Ɗari ukun da za ka riƙe duk wata bashi ne a kanka, kuma tun 1986 dokar tarayya ta hana alƙali yafe bashin da ya riga ya taru. In ya haura dala 2,500 har fasfo za a iya hana ka. Tunda kun daidaita, ku rubuta, ku kai alƙali ya sa hannu. Ka hanzarta, don ragin ba ya komawa baya ya wuce ranar da aka sanar da uwar yaran ƙarar neman ragin.

Malam Lissafi: Kwana ake ƙirgawa, ba wuni ba. A Illinois sai yaro ya kwana 146 a shekara wurin kowannenku kafin a yi lissafin riƙon haɗin gwiwa. Uku a mako 156 ne, ka tsallake da ƙyar. Hutu ɗaya da suka yi wurinta zai iya mayar da kai ƙasa. Ka fara rubutawa a kalanda, ka adana saƙonninta na waya. Sai dai za a sake duba albashinku duka biyu. In naka ya ƙaru, ragin ba lallai ya kai yadda kake zato ba.

Maman Iman: Yaya, tambaya ɗaya: wa ke biyan inshorar lafiya da kayan sawa? Kwana daban, ɗawainiya daban. Kuma a gyara takardar rabon kwanan ita ma, don gobe tana iya komawa aikin rana.

Baban Biyu: Inshora ni ne, kayan sawa ita ce, gaskiya. Albashina kuwa ya ɗan ƙaru a watan Maris. Na gode, bari in nemo kalandar bara tukuna.