Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba rauta a shirin rediyo?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da yamma zan gabatar da shiri a kan na'urar nan da ke ba gida intanet ta iska, wadda takan riƙa katsewa tana dawowa, kuma dole in miƙa rubutun gobe kafin azahar. Daga gidana batun ya samo asali. Tamu tana ajiye a kan firji, kuma kullum rana ta take sai fitilarta ta koma ja, sai na zare ta daga wuta na jira daƙiƙa 30 sannan ta dawo. Ran da na taɓa ƙasanta na ji ta kamar dutsen guga, sai na mayar da ita kan kanta inda iska ke ratsawa, daga nan katsewar ta tsaya. Abin da ya rage mini shi ne suna, domin "na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida" ta yi tsawon da ba zan iya maimaitawa har ƙarshen shiri ba.

Mai gyaran waya: Yaya, a kasuwar Farm Centre ta Kano rauta kowa yake cewa, har ta samu jam'i, rautoci. Ki ƙara da maganar wuta a shirin, domin yawancinsu da adafta mai bolt 12 suke aiki, kuma idan adaftar ta gaji ko wuta ta yi rauni, na'urar takan mutu ta tashi da kanta. Sannan a koya wa mutane bambancewa: idan alamar waifai ta ɓace daga waya, matsalar tana tsakanin wayar da rauta, idan alamar tana nan amma shafi ya ƙi buɗewa, a duba sabis ko data, a kuma matsa da rautar kusa da taga.

Malamin Hausa: Ban yarda a ɗauko kalmar kasuwa a ɗora ta a gidan rediyo ba alhali harshen yana da hanyar ƙirƙira. Ɗafa-goshin "ma" da ƙarshen "i" shi ke ba mu sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da magogi da ma'auni, ƙarshen "a" kuma sunan wuri, kamar makaranta da mahauta. Aikin wannan na'ura shi ne ta karɓi saƙo ta duba wayar ko kwamfutar da ta nema ta tura mata, saboda haka sunanta mararrabi, jam'i mararrabai. Na daɗe ina koyar da ɗalibaina haka.

Mai fassara daga Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ƙirar ta yi daidai da nahawu, amma mai saurare da kunne yake karɓar magana, kuma zai ji kamar an ce mararraba, hankalinsa ya tafi mahaɗar hanya ko garin nan na kusa da Abuja. Rauta ma ba ta game ko'ina ba, domin mu a Nijar ta Faransanci kalmar ta iso mana, ruta muke ji. Me zai hana a ce akwatin intanet, yadda aka ce akwatin rediyo?

Mai gyaran waya: Hajiya, akwatin intanet zai haɗe abu biyu. Modem shi ke kawo intanet daga kamfani, rauta ita ke raba shi. A masu ɗaukar layin waya duka suna cikin akwati ɗaya, amma a wasu gidajen daban suke, kuma mai gyara yana bukatar sanin wanne za a kashe.

Malamin Hausa: To ai shi ya sa na ce mararrabi. Kakanninmu da suka ga abin da ke tafiya a kan dogo da wanda ke tashi sama ba su ari suna ba, sun ɗauko jirgi na kan ruwa suka faɗaɗa shi. A zamaninmu ma yanar gizo da manhaja sun zauna. Tanzaniya ta kafa majalisar kula da Suwahili tun 1967, kuma Suwahili yana da tovuti, wato shafin yanar gizo, da tarakilishi, wato kwamfuta, mu kuwa da yawan masu magana da harshenmu muna jiran ɗan kasuwa ya raɗa mana suna. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tsohon ɗan jarida: Malam, ina girmama kishinka, amma na shafe shekaru ina karanta "na'ura mai ƙwaƙwalwa" a labarai, ina fita waje ina jin kwamfuta. Ita kanta kalmar na'ura daga Larabci muka aro ta, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin aro waɗanda yau babu mai ganin baƙuntarsu. Kalmar da ta karɓi jinsi da jam'i, har ake cewa rautar gidanmu, ta riga ta zama 'yar gida.

Malamin Hausa: Aro daga Larabci na ƙarnoni daban, kwasar duk abin da aka rubuta a jikin kwali daban.

Mai gyaran waya: Ranka ya daɗe, ɗan kasuwar da ake rainawa shi ne yake yi wa mai saye bayani da Hausa tun safe har dare.

Mai gabatar da shiri: Don Allah a yi haƙuri a dawo kan rubutun, lokaci yana ƙure mini. Akwai sauran wuri guda. Ina so in bayyana cewa rauta da yawa suna watsawa ta hanya biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Ta farko ta fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa, domin rautocin maƙwabta da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Ta biyu ta fi sauri amma bangon siminti yana rage mata ƙarfi. A ta farkon kuma ana shawartar mutum ya zaɓi lamba 1 ko 6 ko 11, saboda su ne ba sa hawa kan juna. Me zan kira waɗannan?

Tsohon ɗan jarida: Wannan rediyo ta gama mana shi tuntuni. Ki ce zango da tasha: zangon 2.4, zangon 5, tasha ta 6. Sai dai kada ki ce gajeren zango, domin a kunnen mai saurare shi ne mai cin dogon nisa, a nan kuwa zai rikita shi.

Malamin Hausa: Zango da tasha na amince da su ba tare da ja ba.

Mai gabatar da shiri: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: a farkon shiri zan ce "rauta, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ruta, wato mararrabin intanet na gida", daga nan in ci gaba da rauta.

Malamin Hausa: Sau ɗaya ya yi kaɗan, kuma kin sa tawa a matsayin fassarar baƙuwa maimakon ta zo a gaba. Amma tunda za a ji ta a iska, ba zan hana ba. Ki faɗi kalmar da kyau, a hankali. A ajina dai mararrabi zan ci gaba da rubutawa a allo.