Abokin aikina ya zaɓi jam'iyyar da ba ta son irina: in sake fita zaɓe ko in haƙura?

Badamagare_Lille

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai fiye da shekara, na ce bari in kawo ta nan.

Shekarata goma sha bakwai a arewacin Faransa, ina tuƙin babbar mota tsakanin Lille da tashar jiragen ruwa ta Dunkerque. Na samu takardar zama ɗan ƙasa, don haka ina da ƙuri'a. A wurin aikinmu akwai wani Bafaranshe da muka shaƙu ƙwarai. Ya ci naman layya a gidana. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Damagaram, shi ya riƙe mini aikina sati biyu har na je na dawo. Mutumin yankin Hénin-Beaumont ne, inda ake haƙar kwal a da. Mahaifinsa a rami ƙarfinsa ya ƙare, kuma har ya bar duniya 'yan kwaminis yake zaɓa.

Washegarin zaɓen majalisar Tarayyar Turai na 9 ga Yuni 2024, muna shan kofi kafin mu ɗauki kaya, ya ce mini Bardella, shugaban jam'iyyar RN mai adawa da shigowar baƙi, ya jefa wa. Bai ɓoye ba, bai ma ga abin ɓoyewa ba. Jam'iyyarsu ta RN ta samu kusan kashi 31 cikin 100, ninkin abin da mutanen Macron suka samu, har Macron ya rusa majalisar dokoki a daren.

Na tambaye shi dalili, sai ya fara lissafo mini da yatsu. Ramin kwal na ƙarshe a yankinsu an rufe shi a 1990, aka yi musu alkawarin wasu ayyuka. A 2005 an tambaye su a ƙuri'ar raba gardama ko suna son kundin tsarin mulkin Turai, kusan kashi 55 suka ce a'a, bayan shekara biyu aka dawo da kusan abin nan da sunan yarjejeniyar Lisbon ba tare da an sake tambayarsu ba. A 2023 ya yi watanni yana fita zanga-zanga, duk da haka aka ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, majalisar wakilai ko ƙuri'ar ƙarshe ba ta kaɗa a kai ba. Ya ce kowa sun gwada, waɗannan ne kaɗai ba su gwada ba. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce ai ba da ni ake ba, ni mai aiki ne. Wallahi wannan kalmar ta fi ƙuri'ar tasa yi mini ciwo.

Ni kuma ranar 9 ga Yuni ban je ba. Tsoro ne ya fitar da ni a zaɓen sabuwar majalisar dokoki na Yuli. Gamayyar masu ra'ayin sauyi ta zo ta ɗaya, RN ta uku, sai Macron ya ɗauko Barnier daga jam'iyyar da ko ta uku ba ta zo ba ya ba shi firaminista, shi ma wata uku ya yi aka kayar da shi. Maiɗakina ta ce to ina amfanin layin da na bi? Na rasa amsa. Ga zaɓen shugaban ƙasa na 2027 na tahowa. Ku da kuke wasu ƙasashen, haka abin yake? Kuma mutumin nan, maƙiyina ne ko mai fushi ne kawai?

Uwar_Biyu_Hamburg

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.

Ni ina aikin kula da tsofaffi a nan Jamus, kuma kalmar nan ta "ba da ke ake ba" na ji ta har na gaji. Tsohuwar da nake yi wa wanka ce za ta faɗa mini ita, tana riƙe da hannuna. Ban taɓa jin ta tsane ni ba. Amma doka idan ta fito ba ta tambayar wa ya ci naman layya a gidan wa. Ka tuna Janairun 2024, da aka fallasa taron nan na kusa da Potsdam inda wasu 'yan AfD, jam'iyyar da ke adawa da baƙi a nan Jamus, suka zauna ana tattauna yadda za a mayar da baƙi inda suka fito, har da masu fasfo ɗin Jamus. Mun fita a Hamburg, mutane suka yi yawan da sai da aka tsayar da taron kafin lokaci.

Sai dai kada ka ɗauka fitowar jama'a kaɗai ke maganinsu. AfD ta samu kashi 15.9 a zaɓen Turai. A zaɓen majalisar dokokin Jamus na Fabrairun 2025 mutane sun fito fiye da kashi 82, ta tashi zuwa 20.8. Da yawa cikin waɗanda suka daɗe da yin fushi da akwati sun dawo, kuma wajenta suka nufa. Wato mai fushi na wancan ɓangaren ya tashi, namu yana kwance. Ka fita, Malam, ka kuma tafi da madam.

Malamin_Tarihi_Kano

Ɗan'uwa, ka yi mini haƙuri, zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Da sojojin Faransa suka kwashe kayansu daga Nijar a ƙarshen 2023, mun ce kishin ƙasa ne, aka yi ta murna a Yamai. To me ya sa idan talakan Faransa ya ce a fara da shi a ƙasarsa sai ya zama laifi? Abin da abokinka ya lissafa, duk wanda ya ga zaɓenmu na 2023 ya san shi: kusan kashi 27 ne kawai suka fito, saboda an gaji da alkawari. Ni ban ga ƙiyayya a maganarsa ba, na ga mutumin da aka raina.

Dan_Zongo_Foggia

Malam na Kano, da girmamawa, ba ɗaya ba ne. Can sojoji aka ce su tafi, nan kuwa direba da mai jinya ake nuna wa yatsa.

Yaya Badamagare, kai kana da abin da ni nake nema ban samu ba. Shekarata tara a gonakin tumatir na kudancin Italiya, ba ni da ƙuri'a. A Yunin 2025 an yi ƙuri'ar raba gardama kan rage shekarun jiran zama ɗan ƙasa daga goma zuwa biyar. Doka ta ce sai fiye da rabin masu zaɓe sun fito kafin sakamakon ya yi aiki. Kusan kashi 30 suka fito, maganar ta mutu. Waɗanda suka zauna a gida su suka yanke mini hukunci.

Kuma ka lura da Meloni, da ta zama firaministar Italiya. Da maganar tare jiragen baƙin haure ta hau a 2022, jam'iyyarta ta zo ta ɗaya a zaɓen Turai da kusan kashi 29, amma gwamnatinta ce ta amince a shigo da ma'aikata baƙi kusan dubu 450 tsakanin 2023 da 2025. Hannunmu suna so, don babu mai tsinke musu tumatir. Zamanmu ne ba sa so ya yi saiwa. Majalisar Turai da ka ƙi zuwa zaɓenta kuwa, ita ce ta amince da sabuwar yarjejeniyar baƙin haure a Afrilun 2024. Kai da ka fito Nijar ka fi ni sanin yadda dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta tsayar da harkar direbobin Agadas saboda matsin Turai, har aka soke ta a 2023.

Badamagare_Lille

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Malam na Kano, rainin da ka ce an yi masa gaskiya ne, na gani da idona, garinsu rabin kantuna a rufe suke. Inda na rabu da kai shi ne, jam'iyyar da ya zaɓa ta ce a hana masu fasfo biyu wasu manyan muƙamai, 'yar takararsu ta shugaban ƙasa Marine Le Pen kuma a 2022 ta nemi a hana sa hijabi a kan titi. Ɗana fasfo biyu gare shi, maiɗakina da hijabi take zuwa kasuwa. Ban taɓa faɗa wa abokin nawa wannan ɓaro-ɓaro ba, nauyinsa nake ji.

Ranar Litinin tare za mu kai kaya Dunkerque, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Zan tambaye shi ko ya san da waɗannan biyun lokacin da ya jefa ƙuri'arsa. Hajiya ta Hamburg, mun canja gida bara, sai na je ofishin magajin gari na mayar da sunanmu rajistar sabuwar unguwa tukuna.