Zagayen Kasuwar Kurmi da ƙafa

Ɗan Fagge: Jama'a, ina son in zagaya Kasuwar Kurmi da ƙafa domin in fahimci tarihin cinikin bayi a Kano. Daga ina ya kamata in fara?

Malamin Tarihi: Ɗan'uwa, ka fara da gidan tarihi na Gidan Makama, sannan ka gangara kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, inda aka riƙa sayar da mutane har Turawa suka ci Kano a 1903. Ka bi ta Dandalin Turawa, tsohon mazaunin fataken Larabawa, waɗanda su ma a da ake kiran su Turawa.

Hajiya Babba: Malam ya yi gaskiya, amma ka tausasa harshe wajen tambayar dattawa, domin jikokin waɗanda aka sayar suna nan cikinmu.