Wai bangon Pompeii gaba ya ci ko baya ya koma?

Nura: Jama'a, raina a ɓace yake. Na rubuta a aikin gida cewa salo na uku na zanen bangon Rumawa koma baya ne, malam ya zabga min jan biro. To ƙarya na yi? A salo na biyu, tun wajen shekara ta 80 kafin Miladiyya, kana shiga ɗaki sai ka rantse bangon ya buɗe: ga ginshiƙai, ga ƙofofi, ga gari can nesa, kamar ɗakin barci na wani gida a Boscoreale, kusa da tsohon garin Pompeii na Italiya. A salo na uku kuwa, zamanin Sarki Agustus, sai aka shafe bango da baƙi ko ja, ginshiƙai suka rame kamar tsinken tsire, aka manna ɗan hoto a tsakiya. Ko salo na farko da yake jabu ne ya fi shi.

Hauwa: Dakata. Jabu fa ka ce?

Nura: Eh mana. Filasta ce ake fitar mata da gaɓa-gaɓa, a shafa launi ta yi kama da dutsen marmara.

Hauwa: Jabu abin da aka yi don a cuci mutum ne. Wa aka cuta a Gidan Faun na Pompeii? Gidan da ya cinye layi guda, wanda a daɓensa aka samo hoton yaƙin Iskandar Mai Girma da Dariyus sarkin Farisa. Ka ce kwaikwayo, yayin fadojin Girkawa suke bi.

Bashir: Kwaikwayo da jabu ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Hauwa: Ashe duk mai zane ɗan damfara ne ke nan?

Aliyu: Ku dawo kan maganar Nura. Vitruvius ma, masanin gine-gine na Rumawa, a littafi na 7 na aikinsa kan gini ya yi wannan ƙorafin, cewa ana zana kara a madadin ginshiƙi, wai shi zai ɗauki rufi.

Bashir: Hauwa, ke dama ƴar gaban goshin malam ce, me za ki ce?

Hauwa: Ka janye wannan maganar.

Bashir: In janye gaskiya?

Zainab: Wanda bai taɓa zuwa lacca da wuri ba shi ne mai bakin magana. Kuma ku sani Rumawa ba su ce na ɗaya, na biyu ba. Bajamushe ne, August Mau, ya kasa su huɗu a 1882, yawanci daga gidajen da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Na huɗun ma, irin na Gidan Vettii da ke Pompeii, gwamutsa na baya ya yi.

Bashir: To lissafin ma jabu ne.

Nura: Ni fa makina nake magana!

Yaya Kabiru (admin): Ya isa haka. Abin da aka tsayar: kalmar jabu ba ta dace ba, kamar yadda Hauwa ta yi bayani mai gamsarwa, Zainab ta ƙarfafa. Abin da Aliyu ya kawo ban ga lambar shafi ba, don haka ban sa shi a lissafi ba. Nura, ƙanena, ka je ofis ka ga malam da kanka. Bashir na cire shi sai Litinin.

Aliyu: Ita Hauwa wane shafi ta kawo?